Wace rana ce ta fi cancantar tunawa a tarihin sukuwar tsallake shinge?

Tsohon Zagi:
Assalamu alaikum, 'yan uwa ma'abota dawaki. Na daɗe ina son kawo wannan magana zauren nan, sai da na duba lissafin shekaru na ga 2027 ta tattaro ranakun tunawa da yawa a wuri guda, na ce to lokaci ya yi. A shekarar ne za a cika shekara 275 da sukuwar da ake ɗauka ita ce mafarin wannan wasa, wadda aka yi a 1752 a gundumar Cork ta ƙasar Ailan, inda Cornelius O'Callaghan da Edmund Blake suka saki dawakansu daga majami'ar garin Buttevant zuwa ta garin Doneraile, tafiyar da ta ɗan haura mil 4. Babu fili da aka share musu, babu hanya da aka shata. Hasumiyar majami'ar da suke hange daga nesa ita ce alamarsu, duk abin da ya gitta a tsakani kuwa, shingen gona ne ko rafi ko katanga, sai doki ya tsallake shi. Daga wannan hasumiya wasan ya samo sunansa a harshen masu shi. A 2027 ɗin dai za a cika shekara 60 da nasarar dokin nan Foinavon a Grand National, babbar sukuwar tsallake shinge da ake yi duk shekara a Ingila, da shekara 30 da sukuwar Grand National da aka ɗage zuwa ranar Litinin saboda barazanar bam, wadda Lord Gyllene ya lashe, sannan da shekara 50 da ranar 2 ga Afrilun 1977, ranar da Red Rum ya ci Grand National karo na uku a filin Aintree da ke gefen Liverpool.

Ni a ganina wannan ta ƙarshen ita ce ranar da ta fi kowace. Doki mai shekara 12, wanda ya ci a 1973 da 1974, ya zo na biyu a 1975 da 1976, har mutane suka fara cewa tsufa ya cim masa, ya dawo ya bar na bayansa da tazarar tsawon doki 25. Sau biyar ya shiga wannan sukuwa, kowace shiga tsallake 30, jimilla 150, bai taɓa kai ƙasa ba. Ina son in ji wanda yake da ranar da ta fi wannan, da hujjarsa.

Mai Barga:
Wa alaikumus salam, Malam. Ban ƙi Red Rum ba, kuma duk wanda ya taɓa jinyar doki mai ciwon ƙafa zai girmama labarinsa. Lokacin da mai horar da dawaki Ginger McCain ya karɓe shi a 1972 yana fama da ciwo a ƙashin da ke cikin kofato, shi kuma McCain ba shi da filin horo, bargarsa tana bayan wurin da yake sayar da tsofaffin motoci a Southport, don haka a kan yashin bakin teku yake sukuwa da dawakansa yana kuma ratsa su cikin ruwan gishiri, a nan ne ɗingishin ya tafi. Wannan ban yi mamakinsa ba, domin na taɓa samun ingarma da kofatonsa na gaba ya ɗau zafi har idan ka ɗora tafin hannu kana jin ɗumin, na yi mako uku ina kai shi rafi da sanyin asuba ina tsayar da shi cikin ruwa zuwa gwiwa kafin ya soma taka ƙafar da ƙarfinta.

Sai dai idan ranar da ta fi kowace ake nema, ni 1973 zan nuna, kuma ba don wanda ya ci ba, don wanda aka ci. Crisp doki ne da aka kawo daga Ostareliya, wanda gwanintarsa ta fito a gajeriyar sukuwa ta mil 2 har ya ci babbar gasarta a Cheltenham a 1971. A ranar an ɗora masa nauyin da ya kai kilo 76, Red Rum kuma kusan kilo 66, bambancin sama da kilo 10 a tafiyar da ta haura kilomita 7. Duk da haka Crisp ya fice gaba shi kaɗai tun a zagayen farko, yana tsallake manyan shingayen nan ba tare da ya taɓa su ba, har ya isa shingen ƙarshe da tazarar kusan tsawon doki 15. Daga nan ƙarfinsa ya ƙare, ƙafafunsa suka soma harɗewa, mahayinsa Richard Pitman ya ɗaga bulala, dokin ya karkace daga hanya, kuskuren da shi Pitman da bakinsa ya sha amsawa daga baya. Red Rum ya cim masa saura 'yan taku kaɗan, ya ci da abin da bai kai tsawon doki ɗaya ba. Dukansu biyu sun karya tarihin saurin da aka kafa tun 1935. A ƙarshen shekarar da suka sake haɗuwa a Doncaster da nauyi iri ɗaya, Crisp ne ya yi gaba. To, Malam, wa ya fi wani a ranar nan ta Aintree?

Tsohon Zagi:
Alhaji, ranka ya daɗe, hujjarka tana da ƙarfi, amma ka tsallake 1974. A shekarar Red Rum ne aka ɗora wa kilo 76 ɗin, daidai abin da Crisp ya ɗauka, ya kuma ci da shi, ya bar L'Escargot a baya, dokin da ya taɓa cin Kofin Zinare na Cheltenham har sau biyu. Bayan makonni uku ya tafi Sikotilan ya ci tasu babbar sukuwar. Nauyin da ya karya Crisp bai karya shi ba.

Ɗan Damagaram:
Ina neman afuwar manya, ni sabon shiga ne a wannan fanni. Sukuwar da muka sani a nan ta shimfiɗaɗɗen fili ce, a saki dawaki wanda ya riga ya riga. Me ya sa za a ƙara wa doki nauyi don kawai ya fi sauran? A fahimtata wannan hukunta gwani ne.

Malamar Tarihi:
Ƙanena, tambayarka ta taɓo ainihin inda Malam da Alhaji suka rabu. Sukuwar tsallake shinge iri biyu ce ta wannan fuska. A Grand National akwai jami'in da yake auna bajintar kowane doki, ya ƙara wa ƙaƙƙarfa nauyi ta hanyar sa ɓallin dalma a cikin shimfiɗar da ke ƙarƙashin sirdi, ya rage wa mai rauni, don kowa ya ga yana da rabo. A Kofin Zinare na Cheltenham kuwa, wanda aka fara a 1924 dokin da ake kira Red Splash ya ci, nauyi ɗaya ake ɗora wa kowa, in ban da rangwamen da ake yi wa goɗiya da doki mai ƙarancin shekaru, saboda haka can ne ake sanin wanda ya fi da gaske. Shi ya sa nake ganin duk wanda zai yi maganar ranaku masu daraja bai ambaci Arkle ba, ya bar babban bango bai dafa ba.

A Maris na 1964 Ingila tana alfahari da Mill House, ƙaton doki da ya ci kofin a 1963, kuma ya taɓa kayar da Arkle a Newbury watanni kaɗan kafin nan. Mutanen Ailan suka tsallako teku da nasu dokin, wanda Tom Dreaper yake horarwa, Pat Taaffe yake hawa. Arkle ya ci da tsawon doki 5. A 1965 ya ci da 20, a 1966 ya ci da 30, alhali a wannan ta ƙarshen ya daki wani shinge da ƙirjinsa amma bai ko girgiza ba. Fifikonsa ya kai ga hukumar sukuwa ta Ailan ta koma shirya jadawalin nauyi kashi biyu, ɗaya idan Arkle zai shiga, ɗaya idan ba zai shiga ba, domin in an auna sauran da shi ba a iya bambance tsakaninsu. Sukuwa 35 ya yi, ya ci 27. Ranar da ta fi taɓa ni a labarinsa ita ce 27 ga Disambar 1966 a Kempton, inda ƙashin cikin kofatonsa ya tsage ana tsaka da gudu, ya ci gaba da tsallake a kan karyayyiyar ƙafa har ya zo na biyu, daga nan bai sake sukuwa ba. Uwargijiyarsa, Anne matar basaraken Westminster, ba ta taɓa yarda a sa shi a Grand National ba, don ba ta son jefa shi cikin haɗarin da ke can.

Mai Barga:
Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma ƙin da matar nan ta yi shaida ce a kan abin da nake nufi: Aintree wuri ne da rabo yake rinjayar ƙwarewa. Ku dubi Foinavon da Malam ya ambata. Shi ma daga hannun wannan matar ya fito, an sayar da shi saboda ba a ga alamar zai yi abin kirki ba. A ranar 8 ga Afrilun 1967 dawaki 44 suka tashi, masu caca sun sa shi cikin waɗanda ba a ko tunaninsu, ɗari bisa ɗaya, mai shi ma bai je filin ba. A shinge na 23, wanda yake cikin mafi ƙanƙanta a filin, wani doki mai suna Popham Down da ya yar da mahayinsa tun a shingen farko ya gitta gaban ayarin, dawaki suka cakuɗe, wasu suka ƙi tsallakewa, wasu suka zubar da mahaya, wasu suka juya baya. Foinavon yana can baya nesa, wannan nisa ne ya ba mahayinsa John Buckingham damar hango kafa ta gefe, ya bi ya tsallake shi kaɗai. Sauran suka sake hawa suka bi shi, amma ya riga ya yi nisa. A 1984 aka raɗa wa shingen sunansa. Ni ban raina Buckingham ba, domin ya nuna natsuwa a inda wasu suka rikice, amma ba za a ce dokin ya fi sauran ba.

Baƙon Liverpool:
Iyayena, ku ba ni dama in sa baki a matsayin wanda karatu ya kawo garin nan, har na samu na shiga filin da ƙafata. Abu na farko, akwai wata haɗuwa da ba a cika faɗa ba: kwana ɗaya kafin nasarar Foinavon, wato 7 ga Afrilun 1967, wani ɗan doki mai shekara biyu ya yi sukuwarsa ta farko a duniya a wannan fili na Aintree, gajeriyar sukuwa marar shinge, ya yi kunnen doki da wata goɗiya a matsayi na ɗaya. Red Rum ke nan. Don haka labarin Foinavon da Baba Alhaji ya kawo da labarin dokin Baba Malam a mako guda suka tsiro.

Abu na biyu, gani ya kori ji. A talabijin shingayen nan ba sa nuna girmansu. Na tsaya a gaban wanda suke kira The Chair, tsayinsa ya haura mita ɗaya da rabi, a gabansa kuma akwai rami mai faɗin kusan mita 2 wanda dole doki ya haɗa da shi a tsalle guda, sannan ƙasar da zai dira a kanta ta ɗan fi wadda ya taso daga kanta tudu. An lulluɓe shingen da koren rassan itace masu ganye kamar allura, ƙamshinsu yana tashi idan an yi yayyafi. Shingaye 16 ne a filin, ana tsallake 14 sau biyu, wannan da na ruwa sau ɗaya kawai. Daga nan na je bakin sandar ƙarshe, inda aka binne Red Rum bayan ya mutu a Oktoban 1995 yana da shekara 30. Kabarin ƙarami ne, an kewaye shi da ɗan farin shinge, na tarar da furanni da alewar minti da mutane suka ajiye masa. Bayan na ga The Chair da idona, maganar tsallake 150 ba faɗuwa ta daina zama lissafi a wurina. Rabo yana iya fitar da doki sau ɗaya kamar yadda ya fitar da Foinavon, amma ban ga yadda zai fitar da shi sau biyar a jere ba.

Malamar Tarihi:
Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ka kawo abin da littafi bai ba mu ba. Ina so kuma in tuna wa Malam cewa ranarsa ta 2 ga Afrilun 1977 tana ɗauke da tarihi biyu. A cikin ayarin da Red Rum ya wuce akwai Charlotte Brew a kan dokinta Barony Fort, mace ta farko da ta taɓa hawa a Grand National, shekara 138 bayan sukuwar farko ta 1839 da Lottery ya ci. Ta kai har shinge na 27 kafin dokin ya ƙi tsallakewa. A 1982 Geraldine Rees ta zama ta farko da ta kammala, a 1983 Jenny Pitman ta zama mace ta farko da dokin da ta horar ya ci, wato Corbiere, sai 2021 Rachael Blackmore ta ci a kan Minella Times, a filin da babu 'yan kallo saboda annobar korona. Shekara 44 ke nan tsakanin shigar farko da nasarar farko. Idan za a yi bikin shekara 50, ina fatan a ambaci sunan Brew tare da na dokin da ya ci.

Likitan Dabbobi:
Na bi muhawarar nan tun daga farko, kuma na ji daɗin ilimin da ke cikinta, amma aikina ba zai bar ni in yi shiru a kan ranakun da ba a yi musu biki ba. Hajiya ta kawo Kofin Zinare. A 1986 goɗiya Dawn Run ta ci shi bayan an wuce ta ta sake ƙwato gaba a hawan ƙarshe, ita kaɗai ce ta taɓa haɗa shi da babbar gasar ƙananan shingaye ta Cheltenham. Watanni uku bayan haka ta faɗi a filin Auteuil na Faransa, wuyanta ya karye, ta mutu nan take. A 1989 dawaki biyu suka mutu a shingen Becher's Brook, wanda haɗarinsa shi ne ƙasar da ake dira a kanta ta fi ta tashi zurfi, doki yana zaton ya iso ƙasa alhali da saura, sai ya kife da ka. A 2012 Synchronised, wanda bai fi wata guda da cin Kofin Zinare ba, ya yar da mahayinsa a wannan shinge, ya ci gaba da gudu shi kaɗai, ya karye, aka kashe shi, haka ma According To Pete a rana guda.

Mutane suna tambaya me ya sa ba a yi wa doki ɗori kamar mutum. Dabbar da ta kai kilo 500 a kan siraran ƙafafu huɗu take rayuwa, ba ta iya doguwar kwanciya, idan kuma ta jingina nauyinta a kan ƙafa uku sai kofaton lafiyayyun ya kumbura daga ciki, azabar ta fi ta karayar. Shi ya sa mummunar karaya take zama ajali.

Waɗannan mace-mace ne suka sauya filin. Bayan 1989 an cike wani ɓangare na rafin Becher's an daidaita gangaren. A 2009 aka hana mahayi sake hawa dokin da ya faɗi, abin da ke nufin irin ƙarshen da aka gani a 1928, inda dawaki biyu kacal suka kammala cikin 42 kuma na biyun sai da aka sake hawansa, ba zai ƙara faruwa ba. A 2013 aka cire turakun katako da ke cikin shingayen aka sa roba mai lanƙwasa, a 2024 kuma aka rage yawan masu shiga daga 40 zuwa 34, bayan Hill Sixteen ya mutu a shingen farko a 2023. Ni idan aka ce in zaɓi rana, ranar da aka cire katakon nan zan zaɓa, domin doki bai nemi a kai shi Aintree ba, amana ce a hannun wanda ya ɗaura masa sirdi.

Tsohon Zagi:
Likita, maganarka ta shige ni, kuma ba ni da abin musu a cikinta. Sai dai ta ƙara mini wani dalili da ban fara da shi ba. Tunda an sassauta shingayen, duk dokin da zai zo nan gaba ba a kan filin Red Rum zai yi sukuwa ba. Tiger Roll ya ci a 2018 da 2019, shi ne na farko da ya ci biyu a jere tun bayan 1974, annoba ta sa aka soke ta 2020, bai kuma sake shiga ba. Ko da ya ci ta uku, da an ce a kan shingen roba ya ci. A shekarun 1970 kuma filin Aintree kansa yana gab da salwanta, an sayar da shi ga mai gine-gine a 1973, 'yan kallo sun ragu ƙwarai, kowace shekara ana cewa wannan ce ta ƙarshe, dokin nan yana cikin abin da ya dawo da hankalin jama'a har aka ceto filin. Amma na karɓi gyaran Hajiya a kan Charlotte Brew, na kuma yarda da Alhaji cewa ba a ba da labarin 1977 ba tare da an fara da Crisp ba.

Mai Barga:
Malam, na gode da wannan adalci, amma ina nan a kan 1973. Ɗana na Liverpool, ina da roƙo: idan ka sake shiga filin, ka taka daga shingen ƙarshe zuwa sandar ƙarshe ka gaya mini yadda nisan yake, domin a nan ne Crisp ya rasa abin da ya tara.

Baƙon Liverpool:
Baba, na riga na taka shi a wancan zuwan. Kusan mita 450 ne, kuma ba a miƙe yake ba. Wajen tsakiya akwai kwanar da suke kira gwiwar hannu, inda ake karkatar da dawaki don su kauce wa The Chair su bi ta gaban rumfunan 'yan kallo. Da tafiyar ƙafa ya ɗauke ni kamar minti shida, ciyawar tana da kauri, takalmina yana ɗan nutsewa saboda an yi ruwa da dare. Daga bakin shingen ƙarshe sandar tana bayyana ƙarama can nesa, sai ka wuce kwanar sannan take matsowa. A daidai kwanar nan na tsaya na waiwaya baya, don in ga tazarar da Brian Fletcher yake hange a gabansa lokacin da ya dira da Red Rum daga shinge na 30 a 1973.